Gini Ba Tare da Cutar da Kowa Ba: Tambayoyi da Amsoshi Kan Muhalli, Lafiya da Haƙƙin Ma'aikata

Waɗannan tambayoyi su suka fi fitowa daga bakin masu gini, 'yan kwangila, birkiloli, leburori da mutanen da ake gini a jikin katangarsu. Amsoshin sun tsaya a kan dokokin Najeriya da abin da aka tabbatar a sana'ar gini. Ra'ayinmu kuma ba ɓoyayye ba ne: kuɗin da aka rage ta hanyar tsallake ƙa'ida ba ɓacewa yake yi ba, wani ne yake biya daga baya. Sau da yawa kuwa wanda ko takardar kwangilar bai gani ba ne, kamar leburan da ya faɗo daga bene, ko matar da ruwa ya ci ɗakinta, ko yaron da ya tafi wanka kududdufi bai dawo ba.

Wai mene ne ƙa'idojin gini, kuma wa ya kafa su?

Abu uku suka ƙunsa. Ginin ya yi ƙarko kada ya danne mutane. Mai aikin ya koma gida da ƙafafunsa, haƙƙinsa a aljihu. Ƙasa da ruwa da iskar unguwa kuma kada su lalace saboda aikin.

Ba doka ɗaya ce ta tattara su ba, a warwatse suke. Akwai dokar tsara birane ta 1992, da dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli, ita ma ta 1992, da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa da aka fitar a 2006. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji na musamman ga masu gini a 2011. A ɓangaren ma'aikata akwai Dokar Ƙwadago ta 1971 da dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010. Masu sana'ar ma kowa da hukumar da ke yi masa rajista: COREN ta injiniyoyi, ARCON ta masu zanen gini, CORBON ta ƙwararrun magina. Izinin gini kuwa a hannun jihohi yake, kamar KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna.

Ashe ba ƙarancin doka ne ke damunmu ba. Jami'an da za su zagaya ba su da yawa, gine-gine kuwa kullum tashi suke yi. Saboda haka a yawancin wuraren aiki mai kuɗin shi ne hukuma ta farko, shi ne ta ƙarshe. Abin da ya lamunta, shi za a yi.

Ni gidan kaina nake ginawa, ɗaki uku da falo. Duk wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, amma ba duka ba. Ba wanda zai ce ka kawo rahoton muhalli saboda ɗaki uku. Abin da ke kanka shi ne ka nemi izini, ka bar tazarar da hukumar jiharka ta yanke tsakanin gini da titi, kada ka juye yashi da tsakuwa cikin lambatu, kada ka tare layi da bulo wata da watanni. Ka nisanta masai da sokawe daga rijiya, taka ko ta maƙwabci. Masana lafiya sun fi son mita 30 inda fili ya bari. In bene ne, ko da hawa ɗaya, zanen injiniya ya zama dole. Haƙƙin lebura kuwa ba ya raguwa don gidan ƙarami ne.

Me ke sa gini ya rufta?

Da wuya ya zama dalili ɗaya. Yawanci kurakurai ne da aka yi ta tarawa, kowanne aka ce ai ba komai. Ba a gwada ƙasa ba kafin a haƙa harsashi. Zane ya ce rodi mai milimita 16, aka sa mai 12. Harsashin da aka yi don hawa biyu, da haya ta yi tsada aka ɗora masa na uku da na huɗu. An cire katakon da ke tokare da dakin, wato rufin kankare, tun bai yi ƙwari ba, don ana so a kai shi wani aikin. Injiniya ya yi magana, aka ga yana kawo tsaiko, aka sallame shi aka bar foman da aikin.

A ranar 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da ake kan ginawa a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas ya rufta, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin kansa. Daga baya aka ga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun 2020, yana janye hannunsa domin ba zai iya lamunce ingancin ginin ba. A watan Satumba 2014, masaukin baƙi na cocin Synagogue a Legas, wanda aka ƙara wa hawa, ya kashe mutum 116. Kada kuma a ɗauka cutar Legas ce kaɗai. A watan Agusta 2022 wani bene da ake kan gini ya rufta a kasuwar waya ta titin Beirut a Kano. A ranar 12 ga Yuli 2024 ginin wata makaranta a unguwar Busa Buji da ke Jos ya faɗa kan ɗalibai suna cikin aji, mutum 22 suka rasu.

Gini yakan yi gargaɗi kafin ya faɗi. Tsaga mai tafiya a karkace daga kusurwar taga, ƙofar da ta fara ƙin rufuwa, dakin da cikinsa ya lotsa, rodi mai tsatsa da ya kumbura ya ɓare kankare. Wanda ya ga haka ya shafe da filasta da fenti, bai yi gyara ba, shaida ya ɓoye.

Ban san komai a gini ba. Ta yaya zan gane an yi mini kankare da bulo na gaskiya?

Ka tsaya a wurin ranar zubin dakin, ka sa ido a kan ruwa. Kwaɓin da aka saba a ƙananan ayyuka shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Amma leburan da ke hawa tsani da kwanon sarki a ka ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa, domin ya fi saurin ɗiba da saurin bajewa. Da rana ta take za ka ga ana ta ƙara bokiti, har kwaɓin ya koma kamar kunu. Duk ruwan da ya wuce kima, idan ya ƙafe, ƙofofi yake bari a cikin kankaren, ƙarfinsa ya ragu. Sannan ka duba ko an ɗaga rodi daga jikin katako da 'yan guntayen kankare. In rodin yana kwance a kan katako, ranar da aka ɓare za ka gan shi tsirara a ƙarƙashin dakin, tsatsa kuma ta samu ƙofa.

Bayan zubi, ba bushewa ake so kankare ya yi da sauri ba. Ruwa ne ke haɗuwa da siminti ya ba shi ƙarfi, shi ya sa ake ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 ake auna cikakken ƙarfinsa. A iskar hunturu ko zafin bazara, dakin da aka bari ba ruwa tun rana ta biyu ya riga ya yi asarar da ba ta dawowa. Katakon ƙasa kuwa ana barinsa sati biyu zuwa uku gwargwadon faɗin dakin, kuma injiniya ne zai ce a cire, ba kafinta ba. A babban aiki ana ɗibar kwaɓin a zuba a ƙananan akwatuna, a kai ɗakin gwaji a matse a kwana 7 da kwana 28. Ka nemi takardar sakamakon.

Bulo kuma, ka murza gefensa da yatsa. In yana zubar da yashi, an ja buhu ɗaya ya fitar da abin da ya fi ƙarfinsa. Simintin da ya yi gudaji a cikin buhu ya sha laima, kada a karɓa. Rodi ma a auna kaurinsa, domin a kasuwa akwai wanda sunansa 12 amma jikinsa bai kai ba. Araha dai ba ta ado.

Mene ne binciken illar aiki ga muhalli, kuma wane irin aiki ne yake buƙatarsa?

Asalinsa wani abin takaici ne. A 1988 aka gano dubban gangunan dattin masana'antu mai guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu yake jihar Delta. Wannan ya sa gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli ta FEPA a shekarar, dokar tantance illa ta biyo baya a 1992. A yau Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ce ke riƙe da aikin.

Dokar ta ce manyan ayyuka irin su madatsar ruwa, babbar hanya, layin dogo, filin jirgin sama, wurin fasa dutse da manyan rukunan gidaje, ba za a fara su ba sai an binciki abin da za su yi wa ruwa, gonaki, iska da mutanen wurin, an kuma rubuta yadda za a rage illar. Akwai wani mataki da mutane ba su cika sani ba: ana baje rahoton kwana 21 na aiki a ofisoshin gwamnati, har da na ƙaramar hukumar da abin ya shafa, domin kowa ya karanta ya faɗi ƙorafinsa. Wannan dama ce ta masu unguwanni, ƙungiyoyin manoma da makiyaya da masunta. Abin da aka rubuta a lokacin yana shiga kundi. Kukan da aka yi bayan katafila ta shigo kuwa, da wuya ya sauya hanya.

Wanda yake ganin wannan ɓata lokaci ne, ya tambayi mutanen Haɗeja da Nguru. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa ta biyo baya a 1992. Kano ta samu ruwan sha da noman rani, wannan gaskiya ne. Amma ambaliyar shekara-shekara da fadamun ƙasa suka dogara da ita ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Aikin yana Kano, illar tana ɗaruruwan kilomita daga wurin.

Yashi da burji fa? Ai saye na yi daga direban tifa.

Ka saya, amma daga wani wuri aka ɗebo. Yashin da ake kwasa a gindin gada ko bakin kogi ba tare da lissafi ba yana zurfafa cikin kogin, gaɓa ta zaizaye, gona ta zube, ƙafar gadar ta fito fili. Ramin burji da aka haƙa don cikon titi, in aka tafi aka bar shi, da damina ta faɗi ya zama kududdufi mai gaɓa a tsaye. Yara su je wanka, wanda ya zame ba shi da inda zai dafa ya fito. Sauro kuma ya samu gida, sannan a mai da wurin juji.

Ƙa'ida ita ce kamfani ya kwashe ƙasar sama ya ajiye gefe, in ya gama ya cike ramin ko ya kwantar da gaɓarsa, ya mai da ƙasar noman. In al'umma na so a bar musu shi don shayar da dabbobi, a yi haka da shawara, a kewaye shi. Dagacin da zai ba da fili a ɗebi burji ya sa wannan sharaɗi a rubuce tun kafin tifa ta farko ta shiga.

Na sayi fili da takarda, yanzu ana ce mini hanyar ruwa ce.

Takarda ba ta sauya gangare. In ka gina, ruwan zai bi ta gidanka ko ka tura shi gidan wanda ke ƙasa da kai, wanda wataƙila ginin ƙasa ne. Kafin ka biya kuɗin fili, ka je ka gan shi a watan Agusta, ka kuma tambayi dattawan wurin inda ruwa ke bi a shekarar da aka yi babbar damina. Haka ma ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Ƙa'idar Najeriya ta ware faɗin mita 50 ga layin 330kV, mita 30 ga na 132kV, mita 11 ga na 33kV da 11kV, kuma ba a gini a ciki.

Waɗanne haɗurra ne suka fi kashe ma'aikatan gini?

Faɗowa daga sama ne kan gaba, kusan ko'ina a duniya. Ba sai daga hawa na goma ba. Birkila yana tsaye a kan falanki ɗaya da aka ɗora bisa ganga da bulo, yana filastar saman bango, ya ja da baya taku ɗaya ya duba aikinsa, ya manta ba komai a bayansa. Mita biyu ko uku sun isa su karya ƙashin baya. Duk inda tsayi ya kai mita 2, a yi gadon tsayawa mai faɗi da makari a gefe. Tsani a ɗaure samansa, ya zarce inda za a sauka da kamar mita ɗaya. Ramin matakala da bakin dakin a kange su tun ranar da aka ɓare katako.

Na biyu rami. Ƙasa tana da nauyin da mutane ba sa zato: abin da zai cika akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe ya haura tan ɗaya. Ramin da ya kai ƙirjin mutum, a tokare gaɓarsa ko a kwantar da ita, a janye ƙasar da aka haƙo daga bakinsa, kada tifa ta matso. Bayan ruwan sama a sake dubawa kafin kowa ya sauka.

Sai rijiya da sokawe, inda ake mutuwa a jere. Mutum ya sauka ya yi shiru, ɗan'uwansa ya bi shi don ceto shi ma ya yi shiru, na uku ya bi. Iskar ciki ce ta ƙare ko ta gurɓace, musamman in an kunna injin jan ruwa mai fetur a cikin ramin ko a bakinsa. Kada a taɓa sauka ba igiya a ƙugu da mutum biyu a sama. In wani ya sume a ciki, a jawo shi da igiyar, a kira 'yan kwana-kwana, kada a bi shi.

Lantarki ma yana ɗauka: rodi mai tsawo da aka ɗaga ya taɓa wayar titi, ko wayar injin walda da aka naɗe da leda tana kwance cikin ruwa.

Hular kwano da takalmi, wa zai saya?

Wanda ya ɗauki ma'aikaci aiki, kuma ba a cirewa daga ladansa. Lebura mai neman abin cefanen yau ba zai sayi takalmin aiki ba, da silifas zai shiga cikin ƙusoshi. Sai dai a gane cewa kayan kariya su ne katanga ta ƙarshe. Hular kwano tana tare guntun bulo, ba ta tare faɗowa daga hawa na uku. Wurin da aka raba huluna ranar da manya za su zo duba aiki, alhali bakin dakin a buɗe yake, ba a kare kowa ba.

Akwai cutar da aikin gini ke jawowa a hankali?

Akwai, kuma ita ce ba a lissafawa, domin lokacin da ta bayyana an daɗe da tashi daga aikin. Ƙurar da ke tashi wajen yankan tayil, fasa dutse da goge kankare tana ɗauke da ɓurɓushin da ke maƙalewa a huhu ya yi tabo. Cutar ba ta warkewa, kuma tana buɗe wa tarin fuka ƙofa. Rigakafinta mai sauƙi ne: a riƙa zuba ruwa a bakin injin yayin yanka, a sa takunkumi na ƙura. Ƙyalle ko rawani ba sa tare ƙananan ƙwayoyin.

Ɗanyen siminti yana cin fata. Dubi ƙafar wanda ya yini yana taka kwaɓi, ko hannun mai filasta: fari fat, a tsattsage, wani lokaci da gyambo. Ba ya zafi nan take, sai dare. Dogon takalmin roba, safar hannu da ruwan wankewa a kusa sun wadatar. In ya faɗa ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na tsawon lokaci sannan a tafi asibiti.

Tsofaffin gidajen gwamnati, makarantu da barikoki da yawa an yi musu rufi da silin na asbesto. In yana zaune lafiya bai cika cutarwa ba. Farfasa shi da guduma ko yanka shi ne ke sakin zaren da ke jawo sankarar huhu bayan shekara 20 ko fiye. A jiƙa shi, a kwance shi ɗungurungum, kada a farfasa a yi cikon layi da shi inda yara ke wasa. Ƙarar injuna kuma, in sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, ta kai matakin da yini a cikinta ke rage ji.

Zafin rana da azumi fa?

A watannin Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 a Sakkwato, Kano da Maiduguri. Ƙasashen da suka san irin wannan zafi sun mai da abin doka. Saudiyya ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Katar ta hana daga 10 na safe zuwa 3 da rabi, daga farkon Yuni zuwa tsakiyar Satumba. Mai gini a nan ba sai ya jira doka ba. A fara da sassafe, a kafa rumfa, a ajiye randa ko tulun ruwan sha daban da gangar ruwan kwaɓi. Da azumi, a fara bayan asuba a tashi kafin azahar, zubin dakin a mai da shi dare in akwai haske mai kyau. Wanda ya fara jiri, ko maganarsa ta rikice, ko jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi asibiti da shi. Wannan ba kasala ba ce, yana iya zama ajali.

Leburan yini, wanda ba shi da takarda, yana da wani haƙƙi?

Yana da shi. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce. Dokar Ƙwadago ta ce wanda ya ci gaba da aiki a ba shi takardar sharuɗɗa kafin wata uku su cika, wanda kuma ya yi awa shida ko fiye a ba shi hutun da ya kai awa ɗaya. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a watan Yuli 2024, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin jinga. Wato mafi yawan leburorinmu suna wajenta, abin da ya rage musu shi ne amanar mai aiki.

Inda aka fi cutar su shi ne tsanin kwangila. Mai gini ya biya ɗan kwangila, shi ya ba wani, wannan ya ba foman, foman ya ce da yamma, "Oga bai turo ba, ku dawo jibi." Mutumin da ya baro ƙauye cin rani, yana kwana a cikin kangon da yake ginawa, jibin nan yunwa ce. Hadisi ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Alhaji mai gini, kada ka ce ai ka biya. Ka tsaya ranar sallama, ko ka tambayi leburori biyu da bakinka ko kuɗinsu ya shiga hannunsu. A manyan kamfanoni akwai ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan gine-gine, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana sauraron irin waɗannan ƙararraki.

Idan ma'aikaci ya ji rauni ko ya rasu a wurin aiki, ba ƙaddara ba ce?

Komai da ƙaddara, amma an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara. Wanda ya ƙi sa makari don tsimin falanki huɗu ba zai fake da ƙaddara ba. Buhun shinkafa da kuɗin likkafani ba diyya ba ne.

Dokar 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi ga NSITF, asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, ba tare da cire ko kwabo daga ma'aikaci ba. Daga nan ake biyan magani, diyyar nakasa, da abin da za a riƙa ba iyalan wanda ya rasu. Akwai wa'adi: ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara ɗaya. A riƙe katin asibiti da rasit, a rubuta sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu. Tun dokar inshora ta 2003 kuma aka wajabta yi wa dogayen benaye inshora tun suna kan gini, saboda ma'aikata da masu wucewa.

Yara da mata a wurin gini?

Dokar Ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai 15 ba aiki a irin waɗannan wurare, Najeriya kuma ta sa hannu tun 2002 a yarjejeniyar duniya da ta hana sa wanda bai kai 18 ba aiki mai haɗari. Almajirin da aka ba ɗaukar bulo zuwa bene don ya fi araha, cutarsa aka yi ko da ya yi godiya. Koyon sana'a daban ne: a ƙasa, a gaban maigidansa, ba kaya fiye da ƙarfinsa. Matan da ke ɗaukar kankare ko fasa tsakuwa, kamar yadda ake gani a Jos da Abuja, a biya su daidai da namijin da ya yi irin aikin, a ware musu makewayi, kuma foman da ya mai da ba da aiki hanyar neman mata a kore shi.

Aikin gwamnati ya bi ta gonata. Me ya kamata in samu?

Dokar filaye ta 1978 ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma da sanarwa da diyya. Diyyar tana kan abin da ke bisa filin: gini, amfanin gona, itatuwa, rijiya. Ranar ƙidaya ka kasance a wurin, ka ƙirga kowace bishiyar mangwaro da ɗorawa tare da su, ka ɗauki hoto, kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba.

In aikin da kuɗin Bankin Duniya ake yi, sharuɗɗan da ya fara aiki da su a watan Oktoba 2018 sun fi na gida tsauri. A biya abin da zai isa a maye gurbin abin da aka rasa, a biya kafin a tashi mutum, wanda ba shi da takardar fili ma a taimaka masa ya sake zama, kuma dole a buɗe hanyar kai ƙorafi. Tashin mutane ba ƙaramin abu ba ne. Madatsar Kainji da aka kammala a 1968 ta tashi mutum fiye da 40,000, tsohon garin Bussa yana ƙarƙashin ruwa har yau. Gida ana sake ginawa cikin wata shida, amma fadama da makiyaya da maƙabartar iyaye ba a ɗaukar su a mota.

Ginin maƙwabcina yana cutar da ni. Ina zan kai kuka?

Ka fara da shi kansa, ba da leburorinsa ba. In bai ji ba, mai unguwa. In abin ya shafi tsagewar bangonka saboda raminsa, toshe magudana ko ƙarin hawa ba izini, ka rubuta wa hukumar tsara birane ta jiharka, ka riƙe kwafi mai hatimi. Ƙura, ƙara da zubar da datti na ma'aikatar muhalli ta jiha ne ko ofishin NESREA. Ka ɗauki hoton bangonka tun ranar da aka fara haƙa. In ka ga alamar gini zai faɗi, wannan ba ta jira ba ce, a fitar da mutane tukuna.

Me zan rubuta a yarjejeniyata da ɗan kwangila?

Sunan injiniyan da zai duba aikin da lambar rajistarsa ta COREN, da sharaɗin cewa ba za a zuba harsashi, ginshiƙi ko dakin ba sai ya ga rodin ya sa hannu. Kaurin rodi da awon kwaɓi. Cewa kayan kariya, gadon tsayawa, ruwan sha, makewayi da akwatin agajin gaggawa suna cikin kuɗin aikin a layinsu daban, domin abin da ba a ware masa kuɗi ba shi ake fara yankewa. Ranar biyan leburori, da wanda zai ɗauki nauyin magani in an ji rauni. Ba yaro a wurin aiki. Inda za a ɗebo yashi da burji, da inda za a kai ɓaraguzai.

Sannan ka riƙe wani kaso na kuɗin, kashi 5 cikin 100 aka saba, na wata shida, zai fi kyau ma har damina ɗaya ta wuce a kan ginin. Kada ka sake shi sai an gyara abin da ya bayyana, an cike ramuka, an yashe lambatun da aka toshe, kuma birkila da kafinta da leburori sun faɗa maka da bakinsu cewa ba sa bin kowa bashi.